Yadda mai bi zai girma cikin Almasihu, mataki bayan mataki, daga wani ɗan'uwanku a Tawa

Wani yaro cikin matasan ikkilisiyarmu ya tare ni ran Lahadi bayan an tashi sujada, muna tsaye gindin dogon yaro, ya riga ya hau babur ɗinshi na kabu-kabu zai wuce kasuwa, ya ce mani "Baba, shekarata shidda da baftisma amma gaskiya ji nike inda na faro nan nike har yau, fushin nan na da yana nan, addu'a in na fara ko minti biyu ban kai ba hankalina ya tafi wajen kuɗin mai." Na ce mashi ɗana ka zo gida da marece mu ɗora shayi. Abin da munka tattauna daren nan da darare da yawa bayanshi shi ne na ga ya kamata in rubuta, don na san ba shi kaɗai ba ne, akwai masu shekara ashirin cikin sujada da wannan tambaya take cin su a ciki amma kunya ta hana su faɗi.

Kafin matakan, bari mu daidaita abin da ake nufi da girma, don in ma'aunin ya karkace duk awon banza ne. Mu nan mun saba auna mutum da daɗewa, wane tun zamanin Turawan mishan yake, kakanshi na cikin na farko da sunka ba da gaskiya a Tsibiri ko Galmi. Ko mu auna shi da baki, wanda in ya kama addu'a majami'a duka ta ɗauka. To marubucin Ibraniyawa a sura 5 aya 12 zuwa 14 ya yi magana da mutanen da sunka daɗe har ya kamata a ce su ke koyarwa, ya ce har yanzu nono suke buƙata, abinci mai tauri na waɗanda sunka horar da hankalinsu ne ta wurin yi yau da gobe har suna rarrabe nagarta da mugunta. Ikkilisiyar Koranti kuma Bulus da kanshi ya shaida a farkon wasiƙarshi ba su rasa wata baiwa ba, amma a sura 3 ya kira su jarirai, dalili kishi da jayayya a tsakaninsu. Kun ga ke nan mutum na iya samun baiwa ya zama jariri. Ma'aunin yana Galatiyawa 5:22-23, abubuwa tara: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamun kai. Duk cikinsu babu wanda ake gani bisa bagadi kaɗai, a gida ake ganinsu, a kasuwa, da lokacin da fasinja ya sauka ya ce ba shi da canji.

Ni a garkar albasa na tashi wajen Galmi, kuma kusan duk abin da na gane game da girma can na fara ganinshi. Iri sai ya yi kwana arba'in ko fiye a fili kaɗan ana lallaɓa shi kafin a cire a dasa, bayan dashe kuma wata uku zuwa huɗu kana ban ruwa, ka yi noma, ka koma ban ruwa, kuma abin da kake wahala dominshi yana ƙarƙashin ƙasa. Wani abu da duk manomin albasa ya sani: wadda anka ɗura wa takin zamani fiye da kima don ta yi saurin kumbura, ita ce ke fara ruɓewa in an zuba a rudu. Ranar cira ta fi kowace kyan gani, bayan wata biyu ka buɗe rudun ka ji wari. Na ga masu bi haka, kuma yana mani ciwo ƙwarai, shekara guda an ba shi makirofo an ba shi shugabancin matasa, shekara ta uku ba ka san inda ya shiga ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa aikin shekaru ne, wanda ke neman na sati biyu ba zai same shi nan ba.

Mataki na farko: duba tushenka

Ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka, a kan me nike tsaye gaban Allah? In amsar ita ce ina zuwa sujada, ina ba da zakka, ban shan giya, babana fasto ne, to nan za ka fara gyara. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto ta wurin alheri ne ta bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba don kada wani ya yi fahariya. Na dage kan wannan don in ba ka riƙe shi ba duk matakan da ke biye za su zame maka lissafin lada, ran da ka yi karatu ka ji Allah na sonka, ran da ka makara ka ji ya juya maka baya, kuma mutum ba ya girma cikin irin wannan fargaba. Ɗa yana cin tuwo don shi ɗan gida ne, ba don a karɓe shi cikin gidan ba.

Sai abu na biyu cikin tushe wanda ba mu cika son faɗi a fili ba, tsofaffin abubuwa da ba a rabu da su ba. Laya a ƙugun yaro, ƙulli cikin aljihun babur, abin da inna ta aiko daga ƙauye ta ce a binne bakin ƙofa, zuwa wajen boka a ɓoye in ciwo ya ƙi jin magani. A Afisa waɗanda sunka ba da gaskiya sun tattaro littattafansu na sihiri sunka ƙone gaban kowa, kuɗinsu ya kai azurfa dubu hamsin, Ayyukan Manzanni 19:19. In kana da irin wannan kada ka yi shi kai kaɗai cikin tsoro, kira fasto ko dattijo guda ku yi addu'a tare ku fitar da shi. Kuma in inna ce ta ba ka, ka je ka yi mata bayani da ladabi, ƙauna ce ta sa ta yi, ba ƙiyayya ba.

Mataki na biyu: Littafi Mai Tsarki, kaɗan-kaɗan amma kullum

Nan zan daɗe don nan mafi yawanmu muke faɗuwa. Littafin nan cikakke yana cikin harshen Hausa tun 1932, kakanninmu wasu da shi sunka koyi karatu, yau kuma yana cikin waya kyauta har da murya, amma sai ka iske gida guda Littafi uku duk ƙura ta rufe su daga Lahadi zuwa Lahadi.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne ranar 1 ga Janairu ya ɗau niyya ya fara daga Farawa, ya ji daɗin Farawa da rabin Fitowa, ya isa dokokin hadayu a littafi na uku ya tsaya. Littattafai 66 ne, surori 1189, ba a haɗiye su haka. Ga abin da nike ba duk wanda ya tambaye ni: fara da Markus, sura 16 ce kawai kuma labari ne mai gudu. Daga nan Yahaya, sai Ayyukan Manzanni, sai Filibiyawa da Yakubu masu gajarta, sannan ka shiga Romawa. Sabon Alkawari duka sura 260 ne, sura guda a rana ka gama kafin wata tara. Gefe guda ka riƙa ɗaukar Zabura guda ko sura guda ta Karin Magana, ita 31 ce, ka bi kwanan wata, yau 12 ga wata ka karanta ta 12. In ka gama Sabon Alkawari sau ɗaya sai ka koma Tsohon, lokacin za ka gane inda hadayun nan sunka dosa.

Lokaci kuma ka zaɓi wanda ba ka faɗa da shi. A garin nan ba wanda ke buƙatar agogo, kiran sallar asuba na tashe mu duka, maƙwabcinka ya tashi ya yi alwala cikin sanyin hunturu ya tafi masallaci, kai ma tashi ka zauna da Ubangijinka, Yesu ma da asuba tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a, Markus 1:35. Lokacin bazara da zafi ke wuce digiri 40 ga wutar lantarki na ɗaukewa, wannan sa'ar ce ma kaɗai kai ke aiki da kyau. Mata masu goyo na san asuba ba taku ba ce, ga wuta ga ruwa ga shirin 'yan lakwal, to ki nemi naki lokacin, bayan yara sun fita ko bayan an sauke tukunyar rana, minti goma sha biyar sun isa a fara.

Yadda za ka karanta: sayi kaye na dala ashirin ko talatin da bik. Karanta surar sau biyu, na biyun da murya in da hali. Sai ka rubuta amsar tambaya uku, layi guda-guda ya isa. Me wannan wurin ya nuna mani game da Allah? Me ya tona game da ni? Wane abu guda zan yi yau saboda shi? Ta ukun ita ce mai wuya kuma ita ce mai amfani, Yakubu ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya dubi fuskarshi a madubi ya tafi nan take ya manta kamanninshi. Kada ka rubuta "zan ƙara ƙauna", wannan ba a iya duba shi da dare. Rubuta "yau zan kira ƙanena da munka yi wata biyu ba mu magana", ko "yau ba zan ƙara wa baƙo kuɗin kabu-kabu don bai san gari ba".

Wanda bai iya karatu ba ba a bar shi baya ba. A sa mashi Littafin na murya cikin kart memwar, ya saurari sura guda sau uku, ya faɗa wa wani abin da ya ji. Mutumin da ya fi kowa girma cikin Ubangiji da na taɓa sani wata tsohuwa ce da ba ta san ko harafi guda ba, jikarta ke karanta mata da dare, amma in ta buɗe baki ta yi maka magana sai ka ji kamar an wanke ka.

Kuma don Allah a rage dogara ga guntayen bidiyo na WhatsApp da TikTok, wani ya fito ya ce ka rubuta amin kuɗi za su zo cikin kwana uku. Mutanen Biriya ko Bulus ne ya yi wa'azi sai sun koma Nassi kowace rana su duba ko haka ne, Ayyukan Manzanni 17:11, kuma an yabe su a kan haka. In an ba ka aya guda, buɗe ka karanta goma na gabanta da goma na bayanta.

Mataki na uku: addu'a

Yaron nan ya ce hankalinshi na gudu. Na ce na kowa na gudu, maganin shi ne ka ba addu'ar hanya da za ta bi. Yesu ya riga ya ba mu ita a Matiyu 6:9-13, ka ɗauke ta gaɓa-gaɓa kada ka zuba ta a guje kamar hadda. Ubanmu wanda ke cikin sama, ka tsaya ka gode mashi da abu biyu uku na jiya da sunansu. Mulkinka shi zo, ka kawo gidanka, ikkilisiya, ƙasarmu da shugabanninta, sojojinmu da mutanen ƙauyukan da rashin tsaro ya kora. Abincin yini, ka faɗi buƙatarka ba kunya, kuɗin haya, buhun hatsi, maganin yaro. Gafara, ka ambaci laifin da sunanshi, ka ambaci wanda kai ma za ka yafe wa. Jaraba, ka faɗi inda ka san ƙafarka ke zamewa yau. In ka bi haka minti goma sun wuce ba ka sani ba. Yi da murya ƙasa-ƙasa, bakin da ke motsi yana riƙe hankali, kuma wayar a bar ta wani ɗaki.

Bayan kayen nan naka ka buɗe shafi na sunayen mutane, ka raba su bisa ranakun sati don kada ya yi maka yawa. In Allah ya amsa ka sa kwanan wata gefe. Azumi ma yana da wurinshi, Yesu cewa ya yi sa'ad da kuke azumi, wato ya ɗauka za mu yi, sai dai ya ce a wanke fuska a shafa mai kada kowa ya sani. Fara da barin abincin rana guda ka ba addu'a lokacin. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga ko olsa, ku yi shawara da likita tukuna.

Mataki na huɗu: kada ka girma kai kaɗai

Lahadi ita ce babbar ranar kasuwar Tawa, kowa ya sani, kuma ga mai kabu-kabu ko mai tebur ranar ce ciniki. Ban raina wannan jarabar ba ko kaɗan don abinci ne. Amma na ce wa yaron, awa biyu na safe ka ba Ubangiji, kasuwa ba ta watsewa kafin la'asar. Ibraniyawa 10:25 ta ce kada mu bar taruwarmu yadda waɗansu sunka saba. Mu da muke 'yan kaɗan a ƙasar nan, ba mu kai ko ɗaya cikin ɗari ba, in ka janye jiki ba wanda zai tuna maka da abin da ka gaskata daga Litinin zuwa Asabar.

Sai dai zama cikin taro kaɗai bai isa ba, mutum na iya ɓuya cikin jama'a shekara goma. Nemi mutum guda da ya riga ka nisa, namiji ga namiji mace ga mace, ka je ka ce mashi baba ko yaya, ina so in riƙa zuwa wurinka sau ɗaya a sati ko sati biyu, ka tambaye ni duk abin da kake so. Zaɓi mai riƙe asiri, ka dubi yadda yake da iyalinshi kafin ka dubi yadda yake wa'azi. Ku ajiye tambayoyi da ba a tsallakewa: me ka karanta, ina ka faɗi, yaya kai da matarka, akwai bashin da kake ɓoyewa, me kake kallo a waya da dare.

'Yan'uwa masu tafiya biɗa, Abijan, Libiya, Legas, Agadas wajen zinariya, ku ne kunka fi ba ni tausayi don da yawa can bangaskiyarsu ke mutuwa a hankali ba mai gani. Tun kafin ka hau mota ka tambayi fasto ko akwai masu bi inda za ka, ka sa Littafi cikin waya, ka ɗaure alkawari da mutum guda a gida da zai riƙa kiranka duk sati.

Mataki na biyar: tuba mai ƙafafu

Wannan a jikina na koye shi. Shekarun baya mun haɗa kuɗi da wani ɗan'uwa cikin ikkilisiya munka sayi albasa munka ajiye don a sayar in ta yi tsada, rabi ya lalace, wajen rabon asara munka saɓa a kan jika talatin. Na riƙe a raina cewa ya cuce ni. Kusan shekara biyu muna majami'a guda, in ya zauna dama in zauna hagu, muna cin Jibin Ubangiji daga faranti guda, ina koyar da makarantar Lahadi, kuma ina gaya wa kaina ai na yafe, magana ce kawai ba ni so. Wata rana tsohuwar nan da na ambata ta kira ni bayan sujada, ta kama hannuna da hannunta mai kaushi, ta ce "Ɗana, ina ganinka kana ɗaukar gurasar nan, ina ganin kuma inda idonka ba ya zuwa. Wa kake ruɗi?" Ban iya ce mata komi ba. Da na koma gida na buɗe Matiyu 5:23-24, in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana game da kai, bar baikon nan gaban bagadi ka je ku shirya tukuna. Daren nan na je gidanshi, na iske shi bisa tabarma yana gyaran tocila, na zauna ƙasa na ce yaya na zo neman gafara, na ɓata sunanka wajen mutane uku kuma zan koma wurinsu in gyara. Da munka sake lissafin da natsuwa ashe kuskuren awo ne tun daga garka, ba wanda ya ci na wani. Komawa wajen mutane ukun nan ya fi mani zuwa gidanshi wuya nesa ba kusa ba.

Ga yadda nike ba da shawara a yi. Kowane dare kafin barci ka waiwayi yinin minti uku, inda ka yi laifi ka faɗa wa Allah da sunanshi, kada ka tsaya ga "ka gafarta mana zunubanmu" na jimla, 1 Yahaya 1:9 ta yi alkawari shi mai aminci ne zai gafarta ya kuma tsarkake. In laifin ya taɓa mutum, ka je wurin mutumin cikin satin, kuma kada ka sa "amma kai ma" cikin maganar. In kuɗi ne ko kaya a mayar, Zakka mai karɓar haraji na Yariko ninki huɗu ya ce zai mayar, kai ko da jika-jika ne duk wata ka fara. In kai anka yi wa, Matiyu 18:15 ta ce ka je ku biyu kaɗai tukuna, ba zumuntar mata ba, ba gurup na WhatsApp ba. In kuma zunubi ne da ke ta dawowa shekara da shekaru, giya, tramol, kallon batsa, neman mata, to ya fi ƙarfin ɓoyo, kai shi wurin mutumin nan naka na mataki na huɗu, ku toshe hanyar da yake biyowa, ko da canza lamba ne ko barin wata fada da kake zama.

Mataki na shidda: aljihu da baki

Wannan gajere ne amma kada a raina shi. Ware abin bayarwa ranar da kuɗi sunka shigo, kafin ka fara kashewa, Bulus ya ce wa Korantiyawa kowa ya riƙa ajiye wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunshi, kuma da daɗin rai ba da tilas ba. Biya bashin mai butik kafin ka ɗinka sabon kaya na Nowel. Mudu ya cika, awo ya zama guda ga ɗan gari da baƙo. Baki kuma, gwada sati guda ba ka faɗi maganar wanda ba ya wurin ba, ko da an lulluɓe ta da "mu sa shi cikin addu'a", za ka sha mamakin yawan hirar da za ta ragu.

Mataki na bakwai: maƙwabta, da ranar wuya

Yawancinmu danginmu Musulmi ne, maƙwabta Musulmi, abokan ciniki Musulmi, kuma su ne ke karanta rayuwarmu kullum. Mai bi da ya girma ba ya ɓoye abin da ya gaskata kuma ba ya neman gardama. Ana suna ka je, ana rasuwa ka je ka zauna gaisuwa, an kawo maka naman layya ka karɓa da godiya, ran Nowel kai ma ka aika da abinci. In an tambaye ka dalilin begenka ka amsa da tawali'u da ladabi yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce, in ba ka san amsa ba ka ce zan tambayo.

Ba mu manta Janairun 2015 ba, lokacin da anka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Abin da ya zauna mani a rai daga lokacin shi ne masu bi da sunka taru sujada cikin toka da baƙin bango sunka furta gafara, da kuma Musulmin da sunka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu. Irin wannan gafara ba a ƙirƙiro ta ranar da wuta ta tashi, wanda ya saba yafe jika talatin da baƙar magana ta kishiyar unguwa shi ke iya ta. Romawa 12:17-21 ka haddace ta tun yanzu. Ga wanda danginshi sunka juya mashi baya saboda bangaskiya kuma, ɗan'uwa kada ka rama, ci gaba da gaishe su, in an yi rashin lafiya ka kai abin da kake da shi ko an mayar maka da shi, mu kuma ikkilisiya nauyinmu ne mu zame maka dangi na gaske har da tuwo da wurin kwana.

Akwai kuma rani na ruhu da ke zuwa ba tare da wani dalili da ka sani ba, ka buɗe Littafi ka ji kamar tsakuwa, addu'a ba ta wuce rufin ɗaki. Duba tukuna ko akwai zunubin da ka rufe, ko gajiya ce da rashin barci da yunwa, don Iliya ma da ya ce ya gaji da rai abinci da barci Allah ya fara ba shi. In ba ko ɗaya, ci gaba da abin da ka saba ko ba ka jin komi, ka yi addu'a da Zabura 13, 42 da 88, ta 88 ma har ta ƙare ba haske a ciki kuma Allah ya bar ta cikin Littafinshi. Manomi na janye wa albasa ruwa in ta kusa cira don ta yi ƙwari ta jure ajiya, na sha tuna wannan a irin waɗannan watanni.

Mataki na takwas: ɗauki wani, kuma bari a auna ka

Kada ka jira sai ka gama girma, Bulus da kanshi a Filibiyawa 3:12 ya ce bai kai ba tukuna, yana dai nacewa. In ka gama Markus ka riga wanda bai fara ba, zauna da shi ku sake bi tare. Kama wani aiki a ikkilisiya da ba a tafa wa, shara, jera benci, ɗebo ruwa, kai tsoho asibiti, koyar da yara. Wanda yake so ya yi zurfi cikin koyarwa ya yi magana da fastonshi game da makarantar Littafi Mai Tsarki, akwai ta Agye a jihar Maraɗi da ta daɗe tana horar da masu bishara da Hausa.

Sannan duk wata uku ka buɗe Galatiyawa 5 ka ba wanda ke kwana gida guda da kai, mata ko miji ko ƙane, ka ce cikin taran nan wanne ka ga ya ƙaru, wanne ya fi ƙaranci a wurina, kuma ka yi shiru har ya gama, ba kare kai. Karo na farko da na yi, maiɗakina ta daɗe tana kallon ƙasa sannan ta ce haƙurinka na waje ne, in ka shigo gida ka bar shi bakin ƙofa. Na rubuta shi cikin kaye da kwanan wata, shi na yi ta kai wa Ubangiji wata shidda.

Yaron nan yanzu yana Markus sura 9, ya tsallake kwana huɗu satin da ya wuce don ɗiyarshi ta yi zazzaɓi, na ce ya ci gaba daga inda ya tsaya kada ya koma farko. Ranar Alhamis bayan isha'i zai zo, ya ce akwai wani fasinja da ya zaga a tasha wanda yake so mu yi magana a kai, ya san shagon mutumin.